Kofi biyar a shekara 69: Rayuwar manomin Kanada da bai taɓa juya wa ƙungiyarsa baya ba

A daren Lahadi, 16 ga Nuwamban 2025, aka tashi wasa a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada da ci 25 da 17. Ƙungiyar Saskatchewan Roughriders ta doke Montreal Alouettes, ta ɗauki Kofin Grey, kofin da ya fi kowane daraja a ƙwallon zari-ruga irin ta Kanada.

Matasa sun fantsama tituna a Regina, babban birnin lardin Saskatchewan, suna ihu cikin sanyi. Amma duk wanda ya san tarihin ƙungiyar ba zai yi mamaki ba idan ya ga wani dattijo ya tsaya cak yana ƙare wa filin kallo, yana duba ko alƙalin wasa ya jefa ƙyallen laifi, kafin ya yarda cewa an gama. An taɓa ƙwace masa kofi yana tsaka da murna.

A ƙauyukan wannan lardi akwai dubban mutanen da za su iya ba da tarihin rayuwarsu da shekaru biyar: 1966 da 1989 da 2007 da 2013 da 2025. Su ne kawai shekarun da ƙungiyar ta ci kofi tun da aka kafa ta a 1910.

A ɗauki ɗaya daga cikinsu, manomin alkama da aka haifa a 1956. Ba sai an kama suna ba, domin irinsa na nan a kusan kowane gari. Yana ɗan shekara 10 aka ci kofin farko, yana da 69 aka ci na biyar. A tsakani ya ga an doke ƙungiyarsa sau bakwai a wasan ƙarshe, kuma sau biyu aka miƙo masa ƙoƙon bara domin kada ta mutu.

Wace irin ƙwallo ce?

Wasan da mutanen Kanada ke kira ƙwallon ƙafa a wannan fage ya sha bamban da tamaular da aka sani. Ƙwallon doguwa ce mai tsini biyu, da hannu ake ɗaukarta a ruga ko a jefa wa abokin wasa, 'yan wasa kuma na sanye da hular kwano da kariyar kafaɗa saboda karo da kayarwa.

Ya yi kama da na Amurka, amma yana da nasa dokokin. Kowane ɓangare na da 'yan wasa 12 a fili, na Amurka kuwa 11. Ana ba ƙungiya dama uku ta matsa gaba da yadi 10, a Amurka dama huɗu ce. Filin ma ya fi girma: tsawon yadi 110, faɗin yadi 65.

Wanda ya kai ƙwallo gidan abokan hamayya ya samu maki shida. Wanda ya buga ta da ƙafa ta ratsa tsakanin turaku biyu ya samu maki uku.

Ƙungiyoyi tara ne a gasar CFL, ana fafatawa daga Yuni zuwa Nuwamba. Kofin da ake nema kyauta ce daga Earl Grey, wanda ke wakiltar Sarkin Ingila a Kanada a 1909. Ƙungiyar Toronto Argonauts ta ɗauke shi sau 19. Roughriders ta je wasan ƙarshe sau 20, ta dawo hannu rabbana sau 15.

Ƙasar alkama

Saskatchewan fili ne shimfiɗaɗɗe a tsakiyar Kanada. Girmansa ya haura murabba'in kilomita 650,000, wato sama da kashi biyu bisa uku na faɗin Najeriya, amma mutanen cikinsa ba su wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Arzikinsu alkama ce, da kanola da ake matse mai daga ƙwayarta, da ma'adinin fotash da ake haɗa takin zamani da shi.

Da hunturu sanyi kan kai maki 30 ƙasa da sifili, wani lokaci har ya zarce. Tsakanin gona da gona akwai tafiya.

Duk da cewa lardin ya fitar da fitattun 'yan wasan hoki na kan ƙanƙara irin su Gordie Howe, ba shi da ƙungiya a babbar gasar hoki ta NHL. Roughriders ce kaɗai babbar ƙungiyar da ke ɗauke da sunansa zuwa Toronto da Montreal da Vancouver, biranen da mutanen Saskatchewan suka daɗe suna jin ana yi musu kallon ƙauyawa a can.

Kakar wasan kuma ta zo daidai da ta noma. Lokacin da gasa ke ɗaukar zafi, daga Agusta zuwa Oktoba, shi ne lokacin girbi. Shi ya sa manomi da yawa suka fi sanin ƙungiyar da kunne fiye da ido: yana cikin injin girbi har dare, tashar rediyo na kawo masa wasan kai-tsaye. Haka yaron da aka haifa a 1956 ya fara saninta, yana zaune gefen mahaifinsa.

Shekarar makoki, shekarar murna

A shekarar da aka haife shi aka yi rashin da har yau ba a manta ba. Ranar 9 ga Disamban 1956 wani jirgin sama da ya taso daga Vancouver ya faɗi a kan Dutsen Slesse, duk mutum 62 da ke ciki suka mutu. Huɗu daga cikinsu 'yan wasan Roughriders ne: Mel Becket da Mario DeMarco da Ray Syrnyk da Gordon Sturtridge. Ƙungiyar ta jingine lambobin rigunansu, ba a sake ba kowa ba.

Yaron ya taso yana jin waɗannan sunaye a bakin manya, tare da labarin yadda ƙungiyar ta je wasan ƙarshe sau biyar a jere, daga 1928 zuwa 1932, ba ta ci ko ɗaya ba.

Sai a 1963 al'amura suka fara sauyawa da zuwan Amurkawa biyu. Na farko Ron Lancaster, mai raba ƙwallo, wanda aka ruwaito cewa ƙungiyar Ottawa ta sallama shi a kan dala 500 kacal. Na biyu George Reed, baƙar fata haifaffen Mississippi, wanda aikinsa shi ne ya rungume ƙwallo ya keta tsakiyar ƙarti.

Reed ya sha ba da labarin wahalar da ya sha kafin ya samu gidan haya a Regina saboda launin fatarsa. Mutanen da ke tafa masa a fili, wasunsu ba su yarda ya zama maƙwabcinsu ba. Duk da haka ya zauna, ya buga kaka 13, ya ruga da ƙwallo tsawon yadi 16,116.

Ranar 26 ga Nuwamban 1966, a Vancouver, su biyun suka jagoranci ƙungiyar ta doke Ottawa da ci 29 da 14. Shekara 56 ke nan ana jira. A gidajen gona an kalli wasan a talabijin mai baƙi da fari, waɗanda ba su da ita sun taru a gidan maƙwabta.

Yaro ɗan shekara 10 da ya ga mahaifinsa, mutumin da ba ya yawan magana, ya miƙe yana ihu a tsakar ɗaki, ya ɗauka haka abin zai riƙa kasancewa duk shekara.

Shekara 11 na fari

Ba haka aka yi ba. An doke su a wasan ƙarshe a 1967 da 1969. A 1972 wani matashi ɗan shekara 19 na ƙungiyar Hamilton ya buga ƙwallon da ta raba gardama a daƙiƙar ƙarshe, aka tashi 13 da 10. A 1976 suna gaba, saura daƙiƙa 20 a tashi, Tony Gabriel na Ottawa ya cafe ƙwallo a gidansu, aka tashi 23 da 20.

Daga nan sai ƙasa ta tsage. Daga 1977 zuwa 1987, shekara 11 a jere, ƙungiyar ba ta ko kai zagayen sili-ɗaya-ƙwale ba. Lancaster da kansa ya karɓi aikin horarwa a 1979 da 1980, amma a kowace kaka wasa biyu kawai ya ci cikin 16.

A wannan lokacin ne aka ga abin da ya bambanta magoya bayan nan da na sauran wurare. A ƙarshen kakar 1979, bayan wani ɗan jarida mai suna John Robertson ya yi ta kiraye-kiraye, sama da mutum 28,000 suka cika filin Taylor Field domin kallon ƙungiyar da ke can ƙasan teburi. Babu kofin da ake nema a ranar. Sun zo ne su nuna cewa suna nan.

Saurayin namu a lokacin yana da shekara 23, ya fara karɓar ragamar gona. Irinsa kan tashi da sassafe ya tuƙa motar a-kori-kura awa uku ko huɗu zuwa Regina, ya kalli yadda ake lallasa ƙungiyarsa, ya juyo cikin dare. Daga Saskatoon kilomita 260 ne, daga Prince Albert kusan 360. Mako biyu bayan haka ya sake kama hanya.

Ƙoƙon bara a talabijin

Shekarun 1980 sun zo wa manoman yankin da tsanani. Kuɗin ruwa a bankuna ya haura kashi 20 cikin 100 a farkon shekarun, farashin alkama ya faɗi, fari ya biyo baya. Iyalai da yawa sun rasa gonakin da suka gada.

Ƙungiyar ma bashi ya yi mata katutu. A 1987 shugabanninta suka fito fili suka ce idan ba a sayi tikiti ba, za a rufe. Aka shirya gidauniya a talabijin, 'yan wasa na ɗaga waya, jama'a na bugowa suna sayen tikitin kaka guda. Barazanar ta gaske ce, domin a watan Yunin shekarar ƙungiyar Montreal ta ruguje ana gab da fara gasa.

Manomin da ke lissafin kuɗin iri da na man injin, da yara ƙanana a gida, sai da ya zauna da matarsa suka yi shawara. Dubban irinsa sun buga wayar. Hannunka, in ji masu iya magana, ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Shekara 10 bayan haka, a 1997, aka sake maimaita gidauniyar, suka sake biya. Watanni kaɗan kafin nan, ƙungiyar Ottawa Rough Riders, wadda aka kafa tun 1876 a babban birnin ƙasar, wadda kuma ta sa su kuka a 1976, ta mutu murus. Ta manoma ta rayu.

Daƙiƙa biyu a Toronto

Ladan haƙurin ya zo a 1989, ba zato ba tsammani. Ƙungiyar ta kammala kaka da nasara tara da rashin nasara tara. A wasan kusa da na ƙarshe ta haɗu da Edmonton, wadda ta ci wasa 16 cikin 18, kowa ya ɗauka an gama. Sai ga shi ta yi waje da ita.

Wasan ƙarshe da Hamilton a Toronto, ranar 26 ga Nuwamba, na cikin waɗanda masana ke cewa ba a taɓa yin kamarsu ba. Kent Austin ya jefa ƙwallo ta yadi 474. Saura ƙasa da minti ɗaya Tony Champion na Hamilton, da karyayyen haƙarƙari, ya yi tsalle da baya ya cafe ƙwallon da ta sa aka yi kunnen doki, 40 da 40.

Daga nan Austin ya ja tawagarsa zuwa gaba, Dave Ridgway ya tsaya a yadi 35 ya buga. Ƙwallon ta ratsa turakun, saura daƙiƙa biyu. An tashi 43 da 40.

Mutumin yana da shekara 33. Wannan karon shi ne uban da ya miƙe yana ihu a tsakar ɗaki, 'ya'yansa na kallonsa.

Hular kankana da kurege

Duk wanda ya kalli wasan Roughriders zai fara lura da kore. Tun 1948 ƙungiyar ke sa kore da fari, kuma labarin da ake bayarwa shi ne wani jami'inta ne ya tsinci rigunan da araha a wani kanti a Chicago.

Abu na biyu shi ne kankana. Magoya baya kan sayi kankana, su ƙwaƙule cikinta, su yanka ta daidai kai, su kifa ta kamar hular kwano. Idan babban wasa ya matso, kantuna kan ƙaro odar kankana, har a biranen da ƙungiyar za ta je baƙunta.

Akwai kuma Gainer, mutum cikin shigar kuregen daji irin wanda ke haƙa rami a gonakin yankin. Tun 1977 yake zagaya fili yana zuga jama'a, kuma sunansa harufan Regina ne aka jujjuya. A 2006 da ƙungiyar Calgary ta hana shi shiga filinta, maganar sai da ta kai zauren majalisar lardi.

Koren ba ya tsayawa a gida. Shekara da shekaru matasan Saskatchewan na barin gona su tafi neman aiki, musamman a lardin Alberta mai arzikin man fetur. A 1931 mutanen lardin sun haura 900,000, amma aka shafe gomman shekaru adadin na jan ƙafa a kusa da miliyan ɗaya. Shi ya sa idan ƙungiyar ta je Calgary ko Edmonton, sai a ga ɓangare guda na filin ya koma kore.

Ga manomin da ɗansa ya koma Calgary, 'yarsa ta yi aure a Vancouver, ranar wasa ita ce ranar da waya ba ta hutawa.

Babbar abokiyar hamayya ita ce Winnipeg Blue Bombers ta lardin Manitoba da ke maƙwabtaka. Duk shekara suna haɗuwa a Regina a ƙarshen makon hutun ma'aikata na farkon Satumba, mako guda bayan nan a rama a Winnipeg. Su ma can ba a bar su a baya ba: akwai wani mai goyon bayansu da ya yi rantsuwa a 2001 cewa ba zai sake sa dogon wando ba sai sun ci kofi. Ya shafe hunturu 18 da gajeren wando kafin su fitar da shi kunya a 2019.

Son yakan wuce gona da iri. A 2004, bayan Paul McCallum ya ɓarar da bugu daga yadi 18 a wasan da ya hana su zuwa na ƙarshe, wasu sun jefi gidansa da ƙwai, suka jibge taki a kusa da ƙofarsa. Abin ya ba yawancin magoya baya kunya, suka fito suka yi tir da shi, amma ya nuna irin nauyin da ke kan ɗan wasa a garin da kowa ya san gidan kowa.

Hannun jarin da ba ya kawo riba

Sirrin wannan riƙo yana cikin yadda aka gina ƙungiyar. Roughriders ba ta da attajirin da ya mallake ta. Ta al'umma ce, ba a kafa ta don riba ba, kuma babu wanda zai wayi gari ya kwashe ta zuwa wani birni mai kasuwa.

Tun 2004 ta fara sayar wa magoya baya hannun jari a kan dalar Kanada 250 kowane ɗaya. Ba a raba riba, ba a kai shi kasuwar hannun jari. Abin da mai shi ke samu shi ne takardar shaida da ƙuri'a a zaɓen hukumar gudanarwa.

A gidaje da yawa takardar na rataye a bango cikin gilashi, kusa da hoton aure. Dattijon da ya buga waya a 1987 da 1997 bai ga wani sabon abu a ciki ba. A wurinsa takardar ta tabbatar da abin da ya daɗe da sani ne.

Bayan shekara uku, a 2007, aka ci kofi na uku. Kent Austin ya dawo a matsayin koci, aka doke Winnipeg da ci 23 da 19 a Toronto.

Mutum na 13

Saboda 'yan wasa 12 ne a fili, magoya bayan Roughriders sun daɗe suna kiran kansu "mutum na 13". Ihunsu kan hana abokan hamayya jin umarnin junansu, kuma suna alfahari da hakan.

Ranar 29 ga Nuwamban 2009, a Calgary, suka haɗu da Montreal a wasan ƙarshe. Filin ya cika da kore kamar a gida. A zubin ƙarshe suna gaba da 27 da 11. Montreal ta yi ta ragewa har aka kai 27 da 25, sai ta samu bugun ƙarshe daga yadi 43.

Damon Duval ya buga, ƙwallon ta kauce. 'Yan wasan Saskatchewan suka fara rugowa fili, jama'a suka rungume juna.

Sai aka ga ƙyallaye a ƙasa. Alƙalai sun ƙirga, sun samu 'yan wasan Roughriders 13 a fili. Aka matso da ƙwallon yadi 10, Duval ya sake bugawa daga yadi 33, ta shiga. An tashi 28 da 27.

Kocin da ke kula da wannan sashe, Kavis Reed, ya ɗauki laifin a kansa a daren, ya ƙi faɗin sunan ɗan wasan da ya yi yawa. Laƙabin da suke taƙama da shi ya zama abin zolayarsu a duk faɗin ƙasar. A shekarar da ta biyo baya suka sake haɗuwa da Montreal a wasan ƙarshe, aka sake doke su 21 da 18.

Manomin yana da shekara 53 a daren Calgary. Mutum ne da ya san yadda ƙanƙara ke sauka ta kwantar da alkama ana saura mako guda girbi. Da bazara ta zagayo ya sake shuka, ya kuma sabunta tikitinsa.

Kofi a gida, da ban kwana

A 2013 Regina ce ta karɓi baƙuncin wasan ƙarshe, kuma ƙungiyar gida ta kai. Ranar 24 ga Nuwamba, a gaban mutum 44,710, Darian Durant ya jagoranci doke Hamilton da ci 45 da 23, Kory Sheets ya ruga yadi 197. Kocin Hamilton a ranar shi ne Kent Austin. Dubban mutane sun mamaye titin Albert har tsakar dare.

Daga nan shekarun ban kwana suka kama. Lancaster ya riga ya rasu a Satumban 2008. A ƙarshen Oktoban 2016 aka buga wasan ƙarshe a Taylor Field, filin da mahaifinsa ya fara kai shi, daga baya aka rushe shi. Sabon filin Mosaic mai ɗaukar mutum kusan 33,000 ya ci dalar Kanada miliyan 278, kuma ana ƙara wani kuɗi a kan kowane tikiti domin biyan bashin ginin. A ƙofarsa aka kafa mutum-mutumin Lancaster da na Reed.

A 2019 jifan ƙarshe na Cody Fajardo ya bugi ƙarfen turaku, Winnipeg ta wuce. A 2020 annobar korona ta sa aka soke kaka gaba ɗaya. A 2022 aka sake kawo wasan ƙarshe Regina, amma masu gida sun zama 'yan kallo. Ranar 1 ga Oktoban 2023 George Reed ya rasu, ana gobe zai cika shekara 84.

Wa zai gaji kujerar?

Abin da ke damun dattawa irinsa yanzu ya wuce cin kofi. Gonaki sun ƙara girma, manoma sun ragu, ƙananan garuruwa na ta tsufa. Jikokinsa na da gasar NFL ta Amurka a cikin wayarsu, da taurarin da ke ɗaukar albashin da ya ninka na ɗan wasan Kanada sau da yawa. Tikiti da man mota sun yi tsada, kuma bayan korona an ga kujeru babu kowa a wasannin da a da ake rububin shiga.

Lardin ma na sauyawa. Sababbin mazauna daga Filifin da Indiya da China da Najeriya na ƙaruwa a Regina da Saskatoon, kuma yawancinsu da wata ƙwallon suka taso. Ko 'ya'yansu za su kifa kankana a ka, wannan na daga cikin abin da zai yanke makomar ƙungiyar.

Hukumar gasar na neman jawo matasa ta hanyar sauya dokoki. A Satumban 2025 ta sanar cewa daga 2027 za a rage tsawon fili zuwa yadi 100, a mayar da turaku can ƙarshen gida. Masu ra'ayin gargajiya sun ce ana mayar da wasan na Amurka. Wasu kuma a Regina sun lura cewa da an yi hakan tun da wuri, da jifan Fajardo bai bugi ƙarfe ba.

A cikin wannan yanayi kakar 2025 ta zo. Ƙarƙashin koci Corey Mace, ƙungiyar ta ci wasa 12 cikin 18, ta zo ta ɗaya a yamma. Mai raba mata ƙwallo, Trevor Harris, shekararsa 39, a wasan da ake yi wa ɗan shekara 35 kallon tsoho. Wasan ƙarshe ya faɗo a filin Winnipeg, gidan abokan gaba, abokiyar karawa kuma Montreal ce, wadda ta karɓe kofin 2009.

Daga Regina zuwa Winnipeg tafiyar kusan awa shida ce a mota, kuma dubbai sun yi ta. Da aka busa tashi babu ƙyalle a ƙasa. Harris ne aka zaɓa gwarzon wasan.

A wani gida a cikin gonakin da dusar ƙanƙara ta fara rufewa, ko a kan wata kujera mai sanyi a Winnipeg, akwai yarinya ko yaro ɗan shekara 10 da ya ga kakansa ya miƙe yana ihu. Shi ma ya ɗauka haka abin zai riƙa kasancewa duk shekara.